Maganin kansa mai aiki da haske: a ina zai iske matar Tarka?



Duk bayan ƴan watanni sai labari ya zagayo a WhatsApp cewa Turawa sun gano maganin kansa wanda ba fiɗa, ba zubewar gashi, haske kawai za a haska ciwon ya mutu. Labarin ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Amma yadda ake ba da shi yana sa mutum ya ɗauka sauran kwana kaɗan abin ya iso Belbeji, kuma nan ne nake ganin hatsarin.

Bari mu fara da abin kansa. Masana suna ƙera wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ake kira nano. In ka jera guda 800 na masu girman nanomita 100, da ƙyar su kai kaurin gashin kai guda. A cikinsu ake ƙunshe magani a sako shi cikin jini. Tun 1986 wasu masana biyu na Japan, Maeda da Matsumura, suka lura jijiyoyin jinin da ke ciyar da kansa suna yoyo kamar tsohuwar salka, don haka ƙananan ƙwayoyi kan zurara su taru a wurin ciwon. Na farko da aka yarda da shi a Amurka shi ne Doxil, a 1995. Wato abin ya kai shekara talatin, ba jiya aka fara ba.

Sabon abin da ake ta magana a kai shi ne a sa ƙwaya guda ta yi aiki biyu: ta yi ƙyalli a hoto lokotoro ya ga iyakar ciwon, sannan in an haska mata jan haske ta ƙone shi. Wani nau'in yana ɗaukar zafi, kamar ƙwayoyin zinariya da aka gwada kan mutum 16 masu kansar mafitsara ta maza a Niyok, aka fitar da sakamakon a 2019. Wani kuma yana juya iskar oksijan da ke cikin naman ta zama guba ga ciwon kaɗai. Wallahi dabara ce mai kyau, ba na raina ta.

To amma ga abin da masu tura labarin ba su faɗa. A 2016 wasu masana a jami'ar Toronto ta Kanada sun tattara gwaje-gwajen shekara goma da aka yi kan ɓeraye, suka iske cikin ƙwaya 1000 da aka sako a jini, wajen 7 ne ke isa ga ciwon. Ka loda buhun hatsi dubu daga Damargu, bakwai su isa inda aka aika su, sauran hanta da saifa sun tare a hanya. Wane ɗan kasuwa zai ce ya gama aiki?

Na biyu, kuma shi ya fi shafar mu: haske ba ya nisa cikin jiki. Ku gwada da dare, ku ɗora cocila a bayan yatsa, za ku ga ja yana fitowa. Ku ɗora ta a cinya, ba abin da zai fito. Jan hasken da ake aiki da shi bai cika wuce santimita guda ba. Saboda haka wannan magani na ciwon da ke sama-sama ne, ko wanda tiyo zai iya kaiwa gare shi: fata, baki, maƙogwaro, bakin mahaifa, kuma tun yana ƙarami. Wasu magungunan ma, kamar Photofrin, in an yi wa mutum sai ya ɓuya daga rana wata guda ko fiye. Ku duba ranar Tarka a watan Afrilu ku gaya mini inda mai gona ko mai kiwo zai ɓuya.

Yanzu mu dubi yadda ciwon ke zuwa a wurinmu. Mace ta ji ƙullutu a nono, ko tana ganin jini bayan haila ta ɗauke. Kunya ta hana ta faɗa. In ta faɗa, a ce daji ne, ba a kai shi likita, allura na tayar da shi. A yi shafe-shafe, a yi tsaga, damina ta wuce. Sai ya fashe yana wari sannan a nemi mota. Daga Tanut zuwa Damagaram wajen kilomita 150, daga Damagaram zuwa Yamai kusan 900, kuma a Yamai ɗin ne cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa take, inda aka buɗe sashen gashin ciwo da na'ura a 2021. Tun 2007 hukuma ta ce kula da kansar mata kyauta ce, amma kuɗin mota, masauki da abincin mai jinya daga aljihun iyali suke fita, sau da yawa sai an kai akuya kasuwa. Matar da ta isa Yamai a wannan hali, ko da an aje mata ƙwayoyin nano a gabanta, hasken ba zai kai inda ciwon ya riga ya kai ba.

Shi ya sa nake cewa wannan labari, in an karanta shi daidai, yana tura mu ne ga awo da wuri. Kuma akwai abin da ke yin kusan wannan aikin biyu, gani da ƙonawa, da kuɗi kaɗan. Ungozomar likita tana shafa ruwan binegar mai kashi 3 zuwa 5 a bakin mahaifa, bayan minti guda wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. Nan take a ɗora masa wata ƴar na'ura mai batir da ke kai zafin digiri 100, cikin ƙasa da minti guda an gama, mace ta koma gida da ƙafarta. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta amince da wannan hanya a 2019, a 2020 kuma ta sa burin a auna kashi 70 cikin 100 na mata, sau ɗaya kafin shekara 35, a sake kafin 45. Kansar bakin mahaifa kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta nuna kanta. Duk wannan lokaci a hannunmu yake.

Ko maganin hasken ma, inda ya fara kusantar talaka ba ta hanyar manyan injuna ba ne. A Aligar ta Indiya an gwada fitila mai batir da wayar salula kan masu kansar baki, kuma waɗanda aka zaɓa masu ƙaramin ciwo ne da aka gano da wuri.

Abu ɗaya zan roƙa: duk wanda ya zo kasuwa da kwalba yana cewa maganin nano ne na kansa, ku riƙe kuɗinku. Wanda ake magana a kai lokotoro ne ke sa shi a jijiya, cikin babbar likita, ba a sayar da shi a tire.

Tambayoyin da ya kamata ƴan kwamitin likita da ƙungiyoyin mata su kai wa majo na kowace CSI da hukumomin lafiya na Belbeji da Tanut ba su da wuya. Ana awon binegar a nan? Wace rana? Ungozoma nawa aka horar? In an ga fari, ina na'urar take, kuma wa zai biya motar wadda aka tura Damagaram? Wanda ya samo amsa ya rubuto mana a ƙasa, da sunan garin, za mu karanta a gidan rediyo.