CINIKIN BIRI A SAMA: AGOGON INTANET DA DA-NA-SANIN MAI SAYE

Tun daga shekarar 2012, lokacin da kamfanonin Jumia da Konga suka buɗe kantunansu na intanet a Legas, sayen kaya ba tare da an taka ƙafa zuwa kasuwa ba ya zama ruwan dare a ƙasar nan. Daga baya 'yan kasuwar Facebook da Instagram da WhatsApp suka yi yawa, sa'an nan a ƙarshen 2024 kamfanin Temu ya shigo da tallansa na kayan ƙasar Sin masu arahar gaske. Daga cikin kayayyakin da aka fi talla a waɗannan wurare har da agogon hannu, kuma da wuya a sami abin da ya fi shi jawo wa mai saye cizon yatsa. Mutum ya ga hoto ya yaba, ya biya, ya yi ta ƙirga kwanaki, ranar da aka miƙo masa ƙunshin ya buɗe sai jikinsa ya yi sanyi.

Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce, ba ta kai a ɓata mata tawada ba. To, amma a dubi lissafi. Kafin a saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa cikin watan Yuni na 2023, Dalar Amurka ɗaya tana kan Naira 460 ko kusa da haka a farashin gwamnati, watau agogon Dala 50 bai wuce Naira 23,000 ba. A cikin 2024 Dala ta haura Naira 1,500, agogon nan dai ya koma Naira 75,000, alhali kuwa mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na wannan shekarar Naira 70,000 ne. Ashe ke nan kuskuren dare ɗaya yana iya cinye gumin wata guda na ƙaramin ma'aikaci.

Ciniki daga nesa ba baƙon abu ba ne gare mu. Dattawa na tune da zamanin da ma'aikata ke duba littafin hotuna na kantunan Ingila, su aika da kuɗi ta gidan waya, su jira takalmi ko agogo wata da watanni. Amma galibin jama'a a kasuwa suke saye. Wanda ya je Sabon Gari a Kano neman Seiko ko Orient ko Citizen, sai ya ɗauka ya ji nauyinsa, ya ɗaura a wuyan hannu, ya kara a kunne, in ya so ya kira mai gyaran agogo ya buɗe bayansa ya duba. Sai an yi tayi an yi albarka, an ja an daidaita, kafin mai kaya ya ce ya sallama. In kuwa washegari agogon ya tsaya, an san rumfar, an san ubangidan mai rumfar, an kuma san shugaban kasuwa. Intanet ta ɗauke wannan duka, ta bar mai saye da hoto.

Agogo kuwa abu ne da hoto ke saurin yi wa ƙarya. Ana auna faɗin fuskarsa da milimita, kuma bambancin mai milimita 38 da mai 45 ba ya fitowa a fuskar waya, sai an ɗaura za a ga ɗaya ya zauna daidai, ɗaya kuma ya rinjayi hannun kamar faifai. Hoto ba ya nuna nauyi, ba ya bambanta ƙarfe na gari da wanda aka shafa wa ruwan zinariya da zai koɗe cikin 'yan watanni. Rubutun da ke cewa agogo yana jure ruwa har mita 30 ma yana ruɗin mutane da yawa, domin a wurin masu sana'ar ma'anarsa ita ce yana jure yayyafi da wankin hannu, ba a shiga kogi da shi.

Ga kuma matsalar jabu. Ƙasar Siwizalan ta fitar da agoguna na Faran biliyan 26.7 na kuɗinta a 2023, kuma tun daga 1 ga Janairu 2017 dokarta ta hana a buga wa agogo tambarin ƙasar sai an kashe aƙalla kashi 60 cikin ɗari na kuɗin ƙera shi a cikinta. Saboda haka duk wanda aka tallata wa Rolex ko Rado sabo fil a kan kuɗin buhun shinkafa, ya san abin da ake sayar masa. Ƙungiyar OECD tare da ofishin Tarayyar Turai mai kula da haƙƙin mallakar fasaha sun ƙiyasta cewa a 2016 kayan jabu sun kai kashi 3.3 cikin ɗari na cinikin duniya, kuma agoguna na cikin kayan da jami'an kwastan suka fi kamawa.

Ya kamata a rarrabe da-na-sani iri biyu, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne na wanda aka cuta: an nuna masa abu an kawo masa wani, ko an kawo mai aibi. Na biyu shi ne na wanda aka kawo wa daidai abin da ya zaɓa, amma da ya gani sai zuciyarsa ta juya. Wannan na biyun ba rashin hankali ba ne kamar yadda ake yi wa masu shi gori. Tun a 1957 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Leon Festinger, ya bayyana yadda zuciya ke shiga damuwa bayan an yanke shawara, ta koma tana hango alherin abin da aka bari. Masu talla sun san da haka, shi ya sa suke gaggauta mutum kafin tunani ya zo masa. Sai a rubuta babban farashi a soke shi da layi, a sa wani agogo yana ƙirga mintocin da suka rage kafin rangwame ya ƙare, a ce saura guda biyu kacal. Da tsakar dare, mutum shi kaɗai da wayarsa, ba aboki ba mai ba da shawara, dannawa uku ta isa ta raba shi da kuɗinsa.

To, me dokar ƙasa ta tanada? A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa da dokar soja ta 1992. Dokar ta bai wa mai saye ikon mayar da kayan da bai sami damar dubawa ba kafin a kawo masa, muddin bai dace da yadda aka siffanta shi ba, da kuma kayan da ya fito da aibi. Wannan ya rufe da-na-sani na farko, a takarda dai. Amma game da kayan da ya saɓa wa siffarsa dokar ba ta yanka adadin kwanaki ba, cewa ta yi a mayar cikin lokacin da ya dace, kuma ba ta bai wa wanda zuciyarsa ta juya wata ƙofa bayyananniya ba bayan kaya ya iso hannunsa. Manyan kantunan intanet kan ba da 'yan kwanaki na mayarwa bisa ƙa'idar da suka shata wa kansu, ƙananan 'yan kasuwa kuwa sau da yawa da zarar kuɗi ya shiga asusunsu sai su rufe lambar mai saye.

Wasu ƙasashe sun riga sun wuce wannan matsayi. A Tarayyar Turai, bisa dokar 2011 da ta fara aiki a watan Yuni na 2014, wanda ya sayi kaya daga nesa yana da kwana 14 daga ranar da ya karɓa ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba, in kuma mai kaya bai sanar da shi wannan haƙƙi ba sai wa'adin ya ƙaru da wata 12. Ingila ma tana bin wa'adin kwana 14. Afirka ta Kudu ta sa kwana 7 a dokarta ta cinikin na'ura tun 2002. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne ƙasar Sin, inda mafi yawan waɗannan agoguna masu araha ke fitowa, ta bai wa mutanenta kwana 7 na mayar da kayan intanet ba tare da dalili ba tun daga 15 ga Maris 2014. Watau mai kayan ya san wannan ƙa'ida a gidansa.

Kada kuma a ɗauka wannan tunanin Turawa ne zalla. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tattauna sayar da abin da ba ya nan ta hanyar siffantawa. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya halatta irin wannan ciniki, kuma malamai sun bayyana cewa in kaya ya zo saɓanin siffa mai saye yana da zaɓi, haka nan in an sami aibi. Sun kuma san cinikin da ake gindaya wa sharaɗin zaɓi na 'yan kwanaki, sun yaba wa ɗan kasuwar da ya yarda ya warware ciniki don mai saye ya yi nadama. Wa'adin mayarwa bai saɓa wa abin da 'yan kasuwarmu suka gada ba.

Haƙiƙa 'yan kasuwa suna da nasu ƙorafin, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Suna tsoron wanda zai ɗaura agogo ya je ɗaurin aure ko hawan Salla, sa'an nan ya mayar ya ce bai yi masa ba. Suna kuma kuka da masu odar biya-in-an-kawo, waɗanda kan ƙi karɓa bayan an biya ɗan aike. Dokokin ƙasashen da muka ambata sun yi wa wannan tanadi: mai saye ne ke biyan kuɗin mayarwa in shi ya canja ra'ayi, dole kaya ya koma lafiya, a Turai ana iya rage masa kuɗi in ya yi amfani da shi fiye da gwaji, kuma abin da aka yi wa mutum musamman, kamar agogon da aka zana sunansa, ba ya komawa. Ɗan kasuwa na gari riba zai ci, domin wanda ya san yana iya mayarwa shi ne ke sakin jiki ya saya, ya kuma biya tun kafin a kawo.

Saboda haka muna ganin lokaci ya yi da Majalisar Dokoki ta Tarayya za ta gyara dokar 2018, ta yanka wa'adi na kwanaki, ko da 7 ne, ga duk cinikin da aka ƙulla daga nesa. Ya kamata a wajabta wa mai talla a intanet ya bayyana sunansa na rajista da adireshin da za a same shi, a kuma ƙarfafa tsarin da kanti ke riƙe kuɗi amana har sai mai saye ya karɓi kaya ya gamsu. Kayan da ke zuwa daga ƙetare kuwa, inda kuɗin mayar da agogo kan fi kuɗin agogon, sai a tilasta wa manyan kantunan su tanadi wurin karɓar kayan mayarwa a cikin ƙasar nan. Ita kuma hukumar FCCPC ta daɗa wayar da kan jama'a da harsunan gida ta rediyo, domin haƙƙin da mai shi bai san da shi ba tamkar babu shi ne.

Kafin a kai ga haka, sauran aiki yana hannun mai saye. Ya duba milimitar da aka rubuta, ya yanka takarda daidai faɗin ya ɗora a hannunsa ya gani. Ya karanta ƙa'idar mayarwa kafin ya biya, ya guji tura kuɗi asusun mutumin da bai san inda yake ba, ya ajiye hoton tallan da shaidar biya, ya kuma ɗauki bidiyo sa'ad da yake buɗe ƙunshin. Mafi muhimmanci, ya bari ya kwana biyu a kan shawarar, domin rangwamen da aka ce zai ƙare yau galibi yana nan jibi. Magabata sun ce da-na-sani ƙeya ce. Allah Ya sa masu doka su ji, masu saye kuma su kiyaye.