Zauren Dubara: Kafin a kira mai gyara, a duba igiya

 

Watan jiya sakatariyarmu ta zauna za ta aika lissafin asusu, sai kwamfutar gidanta ta ce babu intanet. Ga ranar rabo ta matso. Har an kawo shawarar a ciri jikka biyar a cikin akwati a kai ta Maraɗi gyara. Na ce a dakata, mu duba tukuna. Ashe ɓera ne ya ci igiyar a bayan kabad! Muka sayi wata, aiki ya tashi.

To, ga yadda za ku bi, daki-daki.

Na farko, ku dubi akwatin intanet ɗin. Fitilunsa na ci? In duk sun mutu, matsalar kuran ce, ko batirin sola ya yi sanyi.

Na biyu, ku cire kan igiyar daga kwamfuta, ku hure ƙura, ku maida har ku ji ya ce "ƙas". Haka ma ɓangaren akwatin. Ƙurar hunturu na cika ramin nan, kuma in ɗan maƙalin roba ya karye, igiyar ba ta zama daram. A yawancin kwamfutoci wata ƴar fitila na ƙiftawa a bakin ramin in haɗi ya yi.

Na uku, ku bi igiyar da hannu tun daga farko har ƙarshe. Siraran wayoyi 8 ne a cikinta. Ƙofa ta datse su ko ɓera ya taɓa, magana na iya lalacewa. Kuma kar tsawonta ya wuce mita 100.

Na huɗu, ku kashe akwatin, ku ƙirga talatin, ku kunna, ku ba shi minti biyu. Kwamfutar ma a sake tada ta.

Na biyar, in akwatin na bada Wi-Fi, ku gwada da salula. In ta samu intanet, laifin na igiya ne ko na kwamfuta: ku canza rami a bayan akwatin, ko ku ari igiyar maƙwabta ku gani. In ita ma ba ta samu ba, ko dai kuɗɗin wata sun ƙare, ko rezo ya ɗauke. Nan sai a kira kamfani.

Da damina kuma, da kun ji tsawa ku cire igiyar da ta kuran, don aradu na bin waya ta ƙone na'ura.

Tun 1991 da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, da dala-dala muke tara abin da muke da shi. Kar mu fidda shi kan abin da hannunmu zai iya gyarawa. In kun bi duk biyar ɗin bai yi ba, to a nemi mai gyara, a yi ciniki kafin ya taɓa, a rubuta a littafin asusu.

Sai wata na gaba, in Allah ya kai mu.