SHIN YA HALATTA A RAƊA WA ƊAN MUSULMI SUNAN MUTANEN AILAN?

 Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

A wannan mako mun jingine darasin da muke kai domin wata takarda da ta iso mana daga ƙasar Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Mai takardar ɗan'uwanmu ne, ma'aikacin asibiti a can. Ya auri 'yar ƙasar, ta musulunta, ga shi yanzu tana da juna biyu, haihuwa ta ƙarato. Ita da mahaifiyarta suna so a sa wa abin da za a haifa suna na harshensu na gado, watau Gelik. Shi kuwa mahaifinsa daga gida ya aiko cewa kada a kuskura a sa wa jikansa sunan da ba na Musulunci ba. Yana tambaya, ina mafita?

Mun ga ya kyautu mu amsa a fili, gama matsalar ta wuce gidansa. Ƙidayar da aka yi a Jamhuriyar Ailan a 2022 ta sami Musulmi 81,930. Tun 1959 ɗalibai Musulmi suka kafa ƙungiyarsu a birnin Dublin, aka buɗe masallacin farko a 1976. Auratayya ta ƙullu, an hayayyafa, kuma duk gidan da aka haɗa jini irin wannan sai maganar suna ta taso.

Da farko ya kamata mai tambaya, da mahaifinsa, su san dalilin da ya sa surukarsu ta nace. Mutanen Ailan sun daɗe a ƙarƙashin mulkin Ingila, kuma sunayensu na cikin abubuwan da mulkin ya taɓa. A 1465 an yi doka cewa duk mutumin Ailan da ke zaune tsakanin Ingilishi a Dublin da wasu gundumomi na kusa da ita, lalle ya ɗauki sunan zuriya irin na Ingilishi, ko na gari, ko na launi, ko na sana'a. Da tafiya ta yi nisa, makarantun da gwamnati ta kafa daga 1831 da Turanci suke koyarwa. Sa'an nan babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852 ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi ƙaura, kuma yankunan da ake jin Gelik suna cikin waɗanda abin ya fi yi wa ɓarna. Sai ya zama yaron da uwarsa ke kira Tadhg a rubuta shi Timothy a littafin makaranta, Sorcha ta koma Sarah, Gráinne ta koma Grace, alhali kuwa babu abin da ya haɗa ma'anoninsu.

A 1893 aka kafa ƙungiyar Conradh na Gaeilge domin farfaɗo da harshen. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Douglas Hyde, shi ya zama shugaban ƙasa na farko a 1938, kuma tsarin mulkin 1937 ya sa Gelik a matsayin harshen hukuma na farko. Tun daga nan tsofaffin sunaye suka dinga dawowa, har ma aka ƙago sababbi. Saoirse, wanda ake furtawa Sirsha, ma'anarsa 'yanci, kuma a shekarun 1920 aka fara sa wa 'yan mata shi, lokacin da ƙasar ta fita daga hannun Ingila. Saboda haka tsohuwar da ke roƙon a sa wa jikanta sunan Gelik, abin da aka taɓa ƙwace wa kakanninta take karewa. Ga shi kuma 'yarta ta bar addinin gidansu, tana tsoron kada jikan ya tashi babu wata alama tata a jikinsa. Wanda ya fahimci wannan zai iya yi mata magana da taushi.

To, me shari'a ta ce? Malamai sun haɗu a kan cewa kyakkyawan suna haƙƙin ɗa ne a kan mahaifinsa, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani a kan wannan a littafinsa Tuhfatul Maududi. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman, sa'an nan malamai suka biyo da sunayen annabawa da na salihan bayi. Wannan shi ne mafifici, kuma mahaifin mai tambaya yana kan hanya da ya so shi. Amma mafifici daban, wajibi daban. Duk wanda ya karanta nahawu ya san cewa Ibrahim da Isma'ila da Is'haƙu da Yusufu sunaye ne na ajami, asalinsu ba Larabci ba ne. Daga cikin sahabbai akwai Fairuz Addailami, sunansa na Farisanci ne, ya musulunta da shi ya rasu da shi. Mariya Baƙibɗiya, uwar Ibrahim ɗan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ba a sauya mata suna ba. Alƙur'ani mai girma kuwa, a Suratur Rum aya ta 22, ya lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Ubangiji.

Sunayen da Annabi, mai tsira da aminci, ya sauya na Larabci ne tsantsa, ma'anarsu ce ta jawo. Ya mayar da wata mai suna Asiya da harafin sadi, watau mai saɓo, zuwa Jamila. Ya mayar da Barra zuwa Zainab domin a sunan akwai yabon kai. Ya so ya mayar da wani mai suna Hazn, watau mai kaushi, zuwa Sahl, mutumin ya ƙi rabuwa da sunan da ubansa ya sa masa, jikansa Sa'idu bin Musayyib ya ba da labari cewa kaushin bai bar zuriyarsu ba. Ashe ke nan ma'auni shi ne ma'ana. Da wannan ma'auni za mu auna sunayen Gelik, kuma mun kasa su kashi huɗu.

Kashi na farko, sunayen da suke na annabawa da salihai ne, sai dai bakin mutanen Ailan ya tanƙwara su, kamar yadda namu bakin ya mayar da Abubakar Habu, Halima ta zama Halimatu. Eoin da Seán duka biyu Yahaya ne. Séamus asalinsa Yaƙubu. Seosamh shi ne Yusufu. Máire ita ce Maryamu. A nan akwai wani ladabi nasu da ya burge mu: sun keɓe lafazin Muire ga Maryamu mahaifiyar Annabi Isa, alaihis salam, ita kaɗai, sauran mata kuwa sai a ce Máire. Wannan kashi babu laifi a cikinsa.

Kashi na biyu, sunayen da suke siffa ce mai kyau ko wadda babu aibi a cikinta. Aoife, ana furta shi Ifa, yana nufin kyau, kamar a ce Jamila. Caoimhe, ana furta shi Kiva, mai taushin hali ce kyakkyawa, kusa da Laɗifa. Sorcha mai haske ce, kamar Munira. Aisling, ana furta shi Ashlin, mafarki ne ko abin da aka gani a wahayin barci, kuma kada kamannin sauti ya sa a zaci A'isha ce. A na maza akwai Fearghal, jarumin namiji, da Tadhg, ana furta shi Taig, watau mawaƙi ko mai hikimar zance. Fionn farin yaro ne, daidai da Jatau ɗinmu, Ciarán kuwa ɗan baƙi. Wanda ya yarda a kira ɗansa Jatau ko Dogo ko Tanko ba shi da hujjar ƙyamar waɗannan.

Kashi na uku shi ne haramtacce, kuma a nan muke so mai tambaya ya buɗe ido. A Gelik akwai kalmomi biyu, giolla da maol, waɗanda ke nufin bawa ko mai hidima, ana liƙa su gaban sunan wanda ake girmamawa. Giolla Chríost bawan Almasihu ne, shi ne ya zama Gilchrist a Turanci. Giolla Mhuire bawan Maryamu ne, shi ne Gilmore. Malcolm, sanannen sunan mutanen Sikotilan masu irin wannan harshe, asalinsa mabiyin waliyyinsu Kolumba. Ibn Hazm ya naƙalto haɗuwar malamai a kan haramcin duk sunan da ya bautar da mutum ga wanin Allah, bai togace ba sai Abdulmuɗɗalibi. To amma ga abin mamaki: a cikin wannan gini nasu akwai Giolla Dé, bawan Allah, watau Abdullahi sak, kuma daga gare shi sunan zuriyar Gildea ya fito. A wannan kashi ne kuma sunayen abubuwan bautarsu na kafin Kiristanci suke, irin su Lugh da Aonghus. Bríd ma sunan wata abar bauta ce ta dā, daga baya ya zama na shahararriyar waliyyiyarsu ta Kildare, saboda haka ta kowace fuska barinsa ya fi. Haka nan sunan da ya zama tambarin addininsu, irin Pádraig, ko Nollaig wanda ke nufin Kirsimeti.

Kashi na huɗu, sunaye masu daɗin ji amma ma'anarsu abar ƙi ce. Meadhbh, ana furta shi Mev, sunan wata sarauniya ce a labaransu, masana harshe sun fassara shi da mai sa maye, asalinsa ɗaya da giyar zuma. Brónach mai baƙin ciki ce. Deirdre kuwa a tatsuniyarsu laƙabinta ma na baƙin ciki ne, ƙarshenta bai yi kyau ba. Waɗannan su ne 'yan'uwan Hazn. Kada mu yi musu dariya, mu ma muna da Ajuji da Ayashe, waɗanda ake sa wa ɗan wabi bisa camfi, ɗan ya girma yana ɗauke da nauyin abin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Bayan ma'ana akwai maganar rubutu. Haruffan Gelik na asali 18 ne, kuma ƙa'idar karatunsu dabam take da ta boko da muka saba. Haɗuwar b da h, ko m da h, tana ba da sautin v ko w, shi ya sa Siobhán ake furta shi Shivon. Suna da wata 'yar sanda da ake ɗorawa a kan wasali, sunanta fada, kuma faɗuwarta tana juya magana kamar yadda lanƙwasa ke raba ƙafa da kafa a wurinmu. Órla da sandarta gimbiyar zinariya ce, orla babu sanda kuwa amai ne. Doka a can ta ba iyaye wata 3 su yi rajistar haihuwa, saboda haka a tsaya a ga an rubuta daidai tun ranar farko, gama abin da ya shiga takardar haihuwa shi zai bi yaro zuwa fasfo da takardun makaranta. A kuma tuna da kakanni na gida. Sunan da kaka ba ta iya furtawa, ba za ta iya sa shi a addu'arta da sauƙi ba, kuma ko an ƙi ko an so sai ta laƙa masa nata.

Shawararmu ga mai tambaya ita ce, ya haɗa biyun. Takardar haihuwa tana ɗaukar suna fiye da ɗaya, mu kuma dama mun saba da sunan yanka da laƙabi. Ran suna a yanka rago a raɗa Maryamu ko Yusufu ko Abdullahi, a bi shi da na Gelik daga kashi na farko ko na biyu. Hasali ma al'adun biyu sun yi kama, domin tsohuwar al'adar Ailan ita ce ɗan fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, 'yar fari ta ci na kakarta ta wajen uwa. Idan an sami saɓani, malamai sun ce haƙƙin raɗa suna na uba ne, amma ya tuna a Suratu Ali Imrana matar Imrana ce ta sa wa 'yarta Maryamu. Matar da ta baro addinin iyayenta saboda Allah ta cancanci a yi shawara da ita a ga ta gamsu, kada ta ɗauka Musulunci ya zo ne ya raba ta da harshen uwarta. Kafin a tsai da kowane suna, a tambayi wanda ya san Gelik sosai asalinsa da ma'anarsa, kada a dogara ga jerin sunayen da ake samu a intanet kawai, gama da yawa a cikinsu ana ƙawata ma'ana don ta yi daɗin ji.

Ga mahaifinsa kuwa, muna roƙon ya rubuta masa takarda ta ladabi, ko ya kira shi, ya bayyana masa ma'anar sunan da Hausa, ya kuma bar masa zaɓen sunan yanka. Dattijon da aka gaya wa cewa jikarsa Maryamu ce, kuma dangin uwarta za su kira ta mai haske da harshensu, ba mu zaton zai ƙi sa albarka.

Allah ya sauke ta lafiya, ya raya abin da za a samu bisa tafarkin Musulunci, ya sa ya zama sanadin shiriyar danginsa na can. Allah ne mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu koma kan darasinmu. Wassalamu alaikum.