Daga Bakin Bahar: Kada Kasuwa Ta Biyo Ka Gida

Yau ba zancen farashin riɗi ko na dawa na kawo muku ba, kaina zan tona wa asiri.

Kwanakin baya na dawo daga Singa gab da magariba. Na bi bashin buhu goma sha biyu na riɗi, mutumin ya shanya ni tun hantsi har la'asar, daga ƙarshe ya ce in dawo wani mako. Ina shiga gida autata ta rugo da allonta, tana cewa, "Baba, ka ga na kai sabuwar sura!" Wallahi ban ko dubi allon ba, na daka mata tsawa ta ba ni wuri. Yarinyar nan ta koma bayan ƙofa ta tsaya tsit.

Bayan isha uwargida ta ajiye mini tuwo, ta ce, "Malam, in faɗi wata magana?" Na ce faɗi. Ta ce, "Yaran nan in sun ji sallamarka, fuskarka suke fara leƙawa kafin su fito. Wanda ya riƙe maka kuɗi yana can yana barci, mu muke biyan bashinsa." Tuwon nan da ƙyar ya wuce.

Ba na musun cewa akwai dalilin damuwa. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 wane ɗan kasuwa ne a ƙasar nan ya san kwanciyar hankali? Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, Singa ta biyo baya a ƙarshen Yunin 2024, sai a Nuwamba soja suka karɓe ta. Wasu sun rasa shago, wasu sun rasa jari, wasu sun rasa 'yan'uwa. Kuɗin da ka sayar da kaya yau, jibi ba lalle ya sayo maka irinsu ba. Amma jiki magayi ne. Wani abokina da muka shekara ashirin muna awon hatsi tare, hawan jini ya kayar da shi a bakin rumfarsa, har yau hannunsa na dama bai dawo daidai ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai na tuna kakanninmu. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno gabas, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Wasu kuma niyyar Makka ta fito da su daga Kano da Sakkwato da Katsina, suka yi shekaru a hanya da ƙafa. Da me suka iso? Da zango. Rana na karkatawa a sauke wa jaki kaya, a kwance mangala, a shayar da shi, a hura wuta. Bafatake bai taɓa barin jakinsa ya kwana da kaya a baya ba. Mu kuwa yanzu da namu kayan muke kwana, a cikin ka.

To ga zangon da na shata wa kaina, ko wani zai amfana.

Na farko, ina rufe littafin lissafi a rumfa kafin kiran magariba. Wanda nake bi, wanda ke bina, abin da zan yi gobe, duk in rubuta in bar shi can. Abin da ke kan takarda ba ya bin mutum shimfiɗa. Wanda ka bari a ka shi ne zai tashe ka ƙarfe biyun dare.

Na biyu, ba na zarcewa gida kai tsaye. Mu nan Abu Na'ama Allah ya ba mu bahar a kusa. Nakan taka da ƙafa zuwa bakin ruwa, in zauna kamar rubu'in awa, in kalli masunta suna haɗa komarsu, in yi alwala, in wuce masallaci. Kai da kake Omdurman ko Jidda ko Kwatano, ba sai da kogi ba. Sauka daga mota kafin unguwarku, ka ƙarasa da ƙafa. Zafin zuciya yakan huce a tafiya.

Na uku, waya. Daga magariba zuwa isha tana aljihun rigar da na rataye. Saƙonnin WhatsApp na yaƙi da na farashi ba sa ƙarewa, kuma rabinsu jita-jita ne. Mai nemana da gaske zai same ni bayan isha.

Na huɗu, abin sha. Mu mutanen Sudan ba a raba mu da jabana, ga citta ga sukari. Amma na lura in na sha ta da dare, sai in yi ta juyi a kan angarib har asuba. Yanzu jabana ta safe ce. Da dare sai karkade, wato zoborodo, ko godogodo mai sanyi in an dama. Wanda kuma kansa ke yawan sarawa ko yake jin jiri, kada ya tsaya ga zoborodo, ya je a auna jininsa.

Na biyar, hira. Sau biyu a mako mukan taru ƙarƙashin rakuba mu 'yan tsara, a sayo agashe, a buga dara, a yi ta tsokanar juna. Doka ɗaya ce: wanda ya ambaci farashi shi zai biya kuɗin shayi. Ranar da abu ya yi wa ɗayanmu nauyi kuwa, sai ya ja amininsa gefe ya amayar. Namiji ya ce "abin nan ya dame ni" ba gazawa ba ce.

Washegarin ranar nan na dawo da wuri, na zauna kan tabarma na kira auta. Ta zo tana raɓe-raɓe. Na ce, "Kawo allon nan, uwata, ki biya mini." Ta biya, ta yi tuntuɓe wuri biyu, muka gyara tare. Da ta gama ta ce, "Baba, yau ba a ɓata maka rai a kasuwa ba?" Na ce an ɓata, amma na baro shi can.

Kuɗin riɗina har yau ba su fito ba. Ranar Litinin zan koma Singa, in Allah ya kai mu.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mako mai zuwa.