Zabiya ma ɗan ƙasa ne, ina haƙƙinsa?

Ƴan uwa na Ɗan Isa, Madarumfa, Magariya da Ƙonni, wa a cikinku bai san gidan da aka haifi zabiya ba? Ku dubi yaron nan idan ya tasa: leɓe ya tsage, kunne da wuya duk tabo mai kaushi. Wata rana tabo ɗaya ya zama gyambon da ba ya warkewa. Kansar fata ke nan, kuma rana ce ke kawo ta.

Ba maita ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne. Gado ne ta wajen uwa da uba duka. In su biyun suna ɗauke da shi, ko baƙaƙe ne wuluk, kowane ciki na iya zuwa da zabiya, sau 1 cikin 4. Fatarsa ba ta da sinadarin da ke tare rana kamar tamu, ga shi dole ya bi mu gona da kasuwa.

Kariyar ba ta da wuya: malafa, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana, da majon da ya iya duba fata, a cire tabon tun yana ƙarami. To, ka shiga likitar garinku ka tambayi man nan, ka ji amsa. A farmasi kuwa, in ma akwai, kwalba guda ta fi ƙarfin manomi. Idan ciwo ya ci jiki sai a ce maka Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, ko ka sayar da akuya ka ƙetara Katsina.

Tun 2006 ƙasar nan ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani. Ashe gwamnati ta san hanya in ta ga dama! Masu mulki suna da kuɗin buga hula da atamfa mai hotonsu, sun rasa na malafa? Ran 13 ga Yuni, ranar zabaya ta duniya, a yi jawabi a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa.

Mu a jam'iyyarmu mun ɗauki alkawari: man kariya kyauta a kowace likita, duba fata sau 2 a shekara, kansar fatar zabiya cikin jerin magani kyauta, kuma ɗan lakwal zabiya ya zauna bencin gaba don idonsa ba ya gani nesa.

In sun zo da kat-kat neman ƙuri'arku, ku tambaye su ina man. Ku adana katin zaɓenku, ranar zaɓe ku dangwala wa adawa.