Ladan Kuturu: Wa Ke Biyan Kuɗin Yaƙin Neman Zaɓe?

Duk wanda ya taɓa kasancewa a Bonkuku, babban garin Imanan, a lokacin yaƙin neman zaɓe, tun daga na 1993 har zuwa na 2020, ya san yadda abin yake gudana. Jerin motoci ne ke tasowa daga Yamai, su ratsa Balleyara, su biyo hanyar Filinge, ɗauke da zannuwa masu hoton ɗan takara, da buhunan shinkafa da gishiri, da shayi da sukari na samarin fada. Makaɗa da maroƙa su sami rabonsu, a shiga gidajen manyan gari a yi gaisuwar da ba a yin ta hannu sake, kafin magariba ƙura ta lafa, ayari ya wuce zuwa ƙauyukan Kurfai. Kashegari wata jam'iyyar ta iso da nata kayan. Mutane sun karɓa, sun yi godiya, amma da wuya a ji wanda ya tsaya ya yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: wa ya biya kuɗin wannan hidima, kuma me aka yi masa alkawari?

Tambayar tana da amfani a yau fiye da kullum, domin kuwa babu jam'iyya ko ɗaya da ta rage a Nijar. Sojojin da suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023 sun dakatar da harkokin jam'iyyu, sun rushe majalisun gundumomi a watan Afrilu 2024, sannan a watan Maris 2025, bayan taron ƙasa da aka yi a Yamai a watan Fabrairu, aka rushe jam'iyyun baki ɗaya. Komai daɗewa, za a sake rubuta dokar kafa jam'iyyu. To, jam'iyyu sun rushe, amma kuɗin da ya ciyar da su shekara talatin yana nan daram a hannun masu shi, yana jiran ranar da za a sake buɗe kasuwa. Idan sabuwar doka ta tsaya ga ƙayyade yawan jam'iyyu da sharuɗɗan rajista, ta kau da kai daga maganar kuɗi, to an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Babban taron ƙasa na 1991, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, ya tabbatar wa ƴan Nijar ƴancin kafa jam'iyya da ƴancin faɗin albarkacin baki, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce. Sai dai bai warware matsalar abin da jam'iyya za ta ci ba. Kuɗin katin ƴan jam'iyya bai taɓa isa ya sayi man motocin da za su zagaya jihar Tilaberi kaɗai ba, balle ƙasa mai faɗin Nijar. Dokar jam'iyyu ta Disamba 2010 ta ware musu tallafi na kashi 0.30 cikin ɗari na kuɗin harajin da gwamnati ke tarawa a shekara, ta kuma wajabta musu miƙa lissafinsu ga kotun binciken kuɗaɗen ƙasa kowace shekara. A takarda tsari ne mai kyau. A aikace, kafin a rushe su, jam'iyyu ƙalilan ne suka riƙa kai lissafin, tallafin ma ba kullum ya riƙa fitowa ba, kuma ba a sa iyaka ga abin da ɗan takara zai kashe a yaƙin neman zaɓe ba.

A duba kuɗin ajiya kawai. A zaɓen shugaban ƙasa na 27 ga Disamba 2020, kowane ɗaya daga cikin ƴan takara 30 sai da ya ajiye sefa miliyan 25 kafin a karɓi takardunsa. A lokacin, albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar jika 30 ne da ƴan kai a wata. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya yi kusan shekara 70 yana tarawa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya kai ga kuɗin shiga fili, tun ba a zo maganar mota da mai da zannuwa ba. Malamin makaranta ko likitan dabbobi daga Filinge, komai cancantarsa, ba shi da hanya sai ya nemi ubangida. Ubangidan kuwa sananne ne: ɗan kwangila, ko mai kamfanin sufuri, ko babban mai shigo da shinkafa da mai, ko mai neman izinin haƙar ma'adinai.

Kamfani ba ya jefa ƙuri'a, ba shi da ƴaƴa a makarantar boko, ba ya kwana a asibiti. Abin da ya sani shi ne riba, kuma babu laifi a cikin haka muddin a kasuwa yake nemanta. Amma idan ya zuba miliyoyi a yaƙin wani ɗan takara, jari ya zuba, kuma zai dawo ya karɓi uwa da riba. Hausawa sun gama magana tun da daɗewa: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Askin da ɗan siyasa ke yi wa mai kuɗi shi ne kwangilar da ba a yi gasa a kanta ba, da yafe kuɗin kwastan, da rufe ido idan aiki bai cika ba. Kuɗin askin kuwa daga baitulmali yake fita, wato daga aljihun wanda aka ba gishiri a Bonkuku.

Tarihin shekarun nan cike yake da alamun wannan cuɗanya tsakanin kasuwa da mulki. A 2006 aka bankaɗo badaƙalar ma'aikatar ilimin firamare, inda kuɗin da masu ba da agaji suka bayar domin makarantu suka salwanta ta hanyar kwangiloli. Ministoci biyu suka shiga gidan kaso, kuma a kan wannan batu ne majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin Hama Amadu ranar 31 ga Mayu 2007. Tsarin mulkin 2010 ya hana ɗan majalisa karɓar kwangilar gwamnati, amma a 2012 sai da kotun tsarin mulki ta lokacin ta yanke hukuncin cewa an taka wannan doka wajen ba wani ɗan majalisa, ɗan kasuwa, kwangila. Ministan kuɗi da na ayyuka suka bar muƙamansu a watan Afrilu na wannan shekara. Bayan shekara tara, ɗaya daga cikinsu ya zama firaminista.

Wadda ta fi ciwo ga mutanen jihar Tilaberi ita ce ta ma'aikatar tsaro. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka kashe soja 71 a Inates. Ranar 9 ga Janairu 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. Makonni kaɗan bayan haka, binciken da gwamnati da kanta ta sa aka yi ya nuna cewa tsakanin 2014 da 2019 ƙasa ta yi asarar sefa kimanin miliyar 76 a sayen kayan soja, ta hanyar ninka farashi da biyan kuɗin kayan da ba su iso ba. Daga baya aka yi ta rage adadin, aka sasanta da ƴan kwangilar, alhali waɗanda suka fito zanga-zanga a Yamai ranar 15 ga Maris 2020 domin neman a yi shari'a su ne suka kwana a kurkuku. Ko wani daga cikin waɗannan ƴan kwangila ya taɓa zuba kuɗi a asusun wata jam'iyya? Babu littafin da talaka zai buɗe ya duba, kuma rashin littafin nan shi ne ainihin cutar.

Sauran ƙasashe sun ɗanɗani irin wannan, kuma kowace ta zaɓi hanyarta. Faransa, bayan jerin abin kunya da ya taɓa manyan jam'iyyunta, ta haramta wa kamfanoni ba jam'iyya ko ɗan takara ko sisi a dokar Janairu 1995. Mutum ɗaya ba ya wuce yuro 7,500 a shekara, kuma a 2013 aka yi watsi da lissafin yaƙin zaɓen Nikola Sarkozi na 2012 saboda ya zarce iyaka. Kotun ƙolin Barazil ta hana kuɗin kamfanoni a 2015. Amurka ta bi akasin haka: hukuncin kotun ƙolinta na 2010 ya buɗe wa kamfanoni ƙofar kashe abin da suka ga dama wajen tallata ƴan takara, kuma tun daga nan tsadar zaɓe sai hauhawa take yi. Makwabciya Najeriya tana da iyaka a rubuce, amma a dare ɗaya na Disamba 2014 attajirai da ƴan kwangila suka yi alkawarin naira biliyan 21 a Abuja domin jam'iyyar Shugaba Jonathan, ba a kuwa ji an hukunta kowa ba. Darasin a fili yake: doka ba ta aiki sai da mai tsaronta.

Saboda haka akwai abubuwan da bai kamata sabuwar dokar jam'iyyu ta rasa ba. A haramta wa kowane kamfani, na gida ko na waje, ba jam'iyya ko ɗan takara kuɗi, mota, mai ko jirgi. A ƙayyade abin da mutum ɗaya zai bayar, a kuma buga sunan duk wanda ya ba da abin da ya wuce wani adadi, a karanta a gidajen rediyon karkara da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci, yadda manomi zai ji da kunnensa. A sa iyaka ga abin da za a kashe a kowace mazaɓa, wanda ya zarce ya rasa kujerarsa. A hana duk wanda ya ba da gudummawa mai tsoka karɓar kwangilar gwamnati har wa'adin ya ƙare. A rage kuɗin ajiya, domin shinge ne da ke tare mai gaskiya ya bar mai ubangida ya wuce. Sannan hukumar da za ta bi diddigin duk wannan ta kasance ba shugaban ƙasa ne ke naɗa ta shi kaɗai ba.

Masu mulkin yau ma maganar ta shafe su, domin mai kuɗi ba ruwansa da ko farar riga ce a kan kujera ko kaki. Inda mulki ya koma, can yake kai gaisuwa. An kafa hukumar COLDEFF a 2023 domin ƙwato dukiyar ƙasa, kuma jama'a sun yi marhabin da ita. Amma a watan Fabrairu 2024 aka fitar da dokar da ta cire sayen kayan tsaro daga ƙa'idojin kwangilar gwamnati, alhali ta wannan ƙofar ce miliyoyin baya suka sulale. Wanda yake son a yarda da shi wajen tsabtace siyasar gobe, sai ya fara da buɗe littafin kwangilolinsa na yau.

Talaka shi ma yana da nasa kason laifin, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Manomin dankalin turawa na Imanan, wanda ke jan ruwa daga ƙasan Dallol Boso yana ban ruwa tun asuba, ya fi kowa sanin lissafi: ya san abin da ya kashe a iri da taki, ya san yadda farashi ke faɗuwa idan kowa ya haƙe a lokaci guda babu wurin ajiya. Wannan lissafin ya kamata ya yi ranar da ayari ya sake tsayawa a ƙofarsa. Zane ɗaya da mudun gishiri ba su kai kuɗin ɗakin ajiyar dankali ba, ba su kai kuɗin aji ɗaya na makaranta ba, ba su kai ran soja ɗaya ba. Tun ran gini ran zane: lokacin da za a tsayar da ƙa'idar kuɗi shi ne yanzu da ake shirin rubuta doka, kafin motocin su sake tasowa daga Yamai.