In Shago Ya Ƙaura, Sunansa Fa?

A wannan fitowa ba maganar taki ko iri za mu yi ba. Wata magana ce ta taso a taron ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu na gama kai bayan girbi, aka yi ta gardama har rana ta faɗi ba a gama ba. Mun ga ya kamata mu kawo ta nan, gama abin da ya sami wani yau zai sami wani gobe.

Ga yadda abin yake. Akwai wani saurayi ɗan ƙungiyar, yana noma da damina, da rani kuma yana ɗaukar hoto. Shekarun baya ƙungiya ta ba shi rance ya sayi kyamara da ƙaramin injin wanke hoto, ya buɗe shago a bakin kasuwar ƙauyensu, ya rubuta sunan ƙauyen a allon shagon. Ya biya wannan rance sarai. Bara ya sake karɓar wani, ya kama haya a cikin gari, inda akwai wutar lantarki da makarantun sakandare da ofisoshin ƙaramar hukuma. Wannan rance na biyu bai gama biya ba tukuna. Yanzu ya dawo yana roƙo a ƙara masa kuɗi domin ya sake wa shagon suna.

Ya ce mana, "Malam, mutanen gari in sun ga sunan nan sai su ce ai hoton ƙauye ne. Wasu ma suna tsammani shagon yana can ƙauye har yanzu." Ma'ajin ƙungiya, dattijo ne, ya dube shi ya ce, "Ɗana, da wane suna muka san ka har muka ba ka kuɗinmu?" Matasa suka goyi bayan saurayin, dattawa suka goyi bayan ma'aji.

Namu ra'ayi shi ne kada ya sake sunan. Ya bar shi yadda yake, ya ƙara sunan sabon garin da unguwar a ƙarƙashinsa. Bari mu faɗi dalilanmu.

Me mai hoto yake sayarwa yau?

Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, daga baya kuma aka sami wayoyi masu kyamara, kowa ya zama mai ɗaukar hoto. Yaro ma yana ɗauka. Abin da ya rage wa mai shago shi ne aikin da mutum ba ya so a yi masa wasa da shi: hoton aure, hoton suna, fasfo na makaranta ko na neman aiki, haɗa albam, da ƙara girman hoton tsohon da ya rasu domin ranar jana'iza. Aure sau ɗaya ake ɗaura shi. In mai hoto bai zo ba, ko ya zo ya ɓata aikin, ba za a sake tara jama'a domin a gyara ba. Ga shi kuma ana ba da rabin kuɗi tun kafin ranar.

Saboda haka uwar amarya ba ta bin titi tana karanta alluna. Maƙwabciyarta take tambaya, "Wa ya yi miki na 'yarki?" Sai a juya bayan hoton a duba hatimin shago, ko a dubi sunan da aka buga a gefensa. Kowane hoto da saurayin nan ya wanke cikin shekarun nan yana rataye a ɗakin wani yana yi masa talla kyauta. Ranar da ya sake suna, duk waɗannan hotuna sun zama suna nuna hanyar shagon da babu shi.

Mu manoma mun san dashe. In za ka cire tumatir ko 'yar mangwaro daga wurin reno, da ƙasar jikin saiwarta kake ɗauka. Wanda ya kakkaɓe ƙasar domin shukar ta yi tsabta, shi ne zai ga ta yi yaushi. Shagon da ya ƙaura dashe ne, sunansa kuwa shi ne ƙasar da ya zo da ita.

Su wa za su fara shiga shagon?

Saurayin yana tunanin mutanen gari waɗanda ba su san shi ba. Mu kuwa muna tunanin waɗanda suka san shi. Mutanen ƙauyensa suna shiga garin nan kullum: ranar kasuwa, zuwa asibiti, kai yara rajistar jarrabawa, sayen taki. Ban da su, akwai 'yan ƙauyen da suka daɗe da zama a garin, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu tuƙa babur, suna da taronsu na ci gaban gida. Mutum yana tafiya a baƙon wuri ya ɗaga kai ya ga sunan garinsu a allo, ai sai ya shiga ko gaisuwa ce ya yi. Waɗannan su ne za su biya masa kuɗin haya a shekarar farko, su ne kuma za su kawo masa maƙwabtansu na gari. Sunan da yake jin kunyarsa shi ne yake kira masa su.

Game da cewa ba daidai ba ne shago ya riƙe sunan wurin da ya bari, tarihinmu ya ba da amsa. Sa'ad da jihadi ya fitar da sarakunan Hausa na Zazzau daga Zariya, suka yi kudu, Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Ba su yar da sunansu a hanya ba. Har yau Sarkin Zazzau ake kiran sarkin wurin, sai dai a ƙara da Suleja, sunan da garin ya ɗauka bayan gwamnati ta zaɓi yankin ya zama babban birnin tarayya a 1976 ta kuma ɗauki sunan Abuja. Haka a Maraɗi ta ƙasar Nijar, Sarkin Katsina ake cewa. Sun riƙe tsohon suna, sun ƙara sabon wuri, ba wanda ya ɓata hanya. Abin da muke gaya wa ɗan'uwanmu ke nan ya yi.

Bakin mutane ba ya sake suna da wuri

Ko da ya kashe kuɗi ya rubuta sabon allo, ba shi ne zai hana mutane kiran tsohon suna ba. Ku dubi NEPA. An kafa ta a 1972, aka sake mata suna zuwa PHCN a 2005, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu. Amma yau in wuta ta ɗauke, me yara suke cewa? Yaran da aka haifa bayan an binne sunan ma NEPA suke cewa. In gwamnati da rediyonta da jaridunta ba ta iya cire suna daga bakin jama'a ba, ina ga mai shago ɗaya? Abin da zai faru shi ne baƙo ya zo tasha ya tambayi tsohon suna, mai babur ya ce bai san shi ba, ko ya kai shi wani shagon dabam.

Sai kuma maganar kuɗi. Sake suna ba fenti da allo kaɗai ba ne. Akwai hatimi, da littafin rasit, da ambulan da ake sa hotuna, da shafin da yake nuna aikinsa a Facebook da WhatsApp. In ya yi rajistar sunan a hukumar CAC, sai ya nemi izinin sakewa ya biya, sa'an nan ya bi banki a gyara sunan asusu da na na'urar POS. Wanda ya ƙaura kawai kuwa, sanar da sabon adireshi ne aikinsa. Dukan wannan kuɗi da zirga-zirga ba za su ƙara wa hoto ɗaya kyau ba. Da ya sa su a batir mai kyau, ko fitila, ko labulen bango, da mai zuwa ya ga bambanci da idonsa. Kuma kada mu manta, kuɗin da yake roƙo na gwauruwar da ta sayar da kwanon acca ta zuba ne, da na wanda yake jiran layinsa ya zo ya sayi buhun taki.

Akwai wani abu kuma da matasa ba su lura da shi ba, shi ne ya sa ma'aji ya yi tambayarsa. A wurinmu, mutumin da ya tashi daga gari ya kuma sake suna, zato ake yi masa. Sai a ce ko bashi ya gudar wa. Saurayin nan yana da albam na mutane da ba su karɓa ba, yana riƙe da hotunan bukukuwansu a kwamfutarsa, wataƙila ma akwai wanda ya ba da kuɗin aiki na watan gobe. Barin sunan yadda yake yana gaya musu, "Ina nan, ban ɓuya ba." Suna linzami ne, in ji Hausawa. Yana riƙe mai shi, yana kuma ba mutane wurin kamawa.

Inda sakewa ta zama dole

Ba mu ce kada a taɓa sake suna ko ta yaya ba. Mun ga wurare uku da ya wajaba.

Na ɗaya, in ka tarar da wani a sabon garin yana aiki da irin sunanka tun kafin ka zo. Shi ne mai wuri. Kada ka ja da shi, gama aikinka mai kyau zai tafi gare shi, laifinsa kuma ya dawo kanka. Hukumar CAC ma takan bincika kafin ta yi rajista, ba ta ba mutum biyu suna ɗaya.

Na biyu, in sunan ya zama ƙarya. Wanda ya rubuta cewa shagonsa na bakin asibiti ne, ko na tashar mota, alhali yanzu yana wata unguwa, yana ɓatar da mutane ne. Wannan kwatance ne, ba suna ba, sai a gyara.

Na uku shi ne mai nauyi. Mun san a wasu garuruwanmu, tun rikicin Jos na 2001 da waɗanda suka biyo baya, unguwanni sun rabu, kuma sunan da ke allo yakan nuna ko kai ɗan wane gefe ne. Wasu 'yan'uwa ma ba don ciniki suka ƙaura ba, tashin hankali ne ya tashe su. In dattawan wurin da suka san gari suka ce maka sunan nan zai jawo maka ido, ka ji maganarsu. Rai ya fi allo. Mun tambayi saurayinmu ko wannan ne damuwarsa, ya ce a'a.

Amma wanda yake so ya sake suna domin ya ɓata na dā, ya ci kuɗin mutane ko ya riƙe musu hotuna, wannan sake wa tuwo suna ne kawai. Labari yana hawa mota ɗaya da mai shi. Ya koma ya biya, ya ba da haƙuri, sa'an nan a yi maganar allo.

In kuwa sakewar ta zama dole, kada a yi ta dare ɗaya. A rubuta sabon suna, a sa tsohon a ƙarƙashinsa, a bar su tare shekara guda cur, daga kaka zuwa kaka. Dalili kuwa, yawancin bukukuwanmu bayan girbi ake yin su, wanda ya zo maka a Disambar bana sai wata Disamba zai sake nemanka. Kada kuma a sake lambar waya a lokaci ɗaya da suna.

Ga masu shirin farawa

Wannan magana ba ta masu hoto kaɗai ba ce. Ta shafi mai injin niƙa, da mai ɗinki, da mai sayar da maganin kaji, har da ƙungiyar da take buga sunanta a buhun masara. Tun ranar farko ku zaɓi sunan da zai iya tafiya tare da ku. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Malick Sidibé, wanda shagonsa bai wuce ɗaki a cikin unguwa ba, sunansa kawai ya sa masa. Da wannan suna hotunansa suka zaga duniya, har aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Banis na Italiya a 2007, kafin rasuwarsa a 2016. Sunan mutum ba ya tsufa da ƙaura. Amma wanda ya riga ya yi shekaru yana gina sunan wuri, kada ya rushe.

Shawarar da muka bar wa ƙungiyar ke nan. Kada a ba da rance domin sake suna. A taimake shi da ɗan abin da zai ƙara layi ɗaya a allonsa, ya kuma kafa ƙaramin allo a tsohon shagon mai nuna inda ya koma da lambar wayarsa. A yi sanarwa a taron ƙungiya. Shi kuma ya riƙa zuwa ƙauye ranar kasuwa da kyamararsa, ya kai wa mutane hotunansu da hannunsa, ya ci gaba da biyan bashinsa a kan lokaci. Mutanen gari da suke cewa hoton ƙauye ne, in suka ga fasfo ya fito da kyau kuma an ba su a ranar da aka yi alkawari, su da kansu za su koyi faɗin sunan ƙauyen.

Ku tattauna wannan a taronku na wata. In akwai wanda ya taɓa ƙaura da sana'arsa, ko ya riƙe suna ko ya sake, ya ba sakataren ƙungiyarsa labarin yadda ta kaya, mu ji mu ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka.